Babi na Shida: Adireshi da Mabuɗi a Wajen Kwantena

A watan Maris na 2013, a taron PyCon da aka yi a Santa Clara ta jihar Kalifoniya, an ba wani matashin injiniya mai suna Solomon Hykes minti biyar ya nuna abin da kamfaninsa, dotCloud, yake ƙerawa. Abin da ya nuna shi ne Docker. Cikin 'yan shekaru kaɗan Docker ya zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da manhaja ke bi ta bar kwamfutar wanda ya rubuta ta, ta isa sabar da jama'a za su same ta.

Dabarar ba ta da wuyar faɗa. A tattara manhaja da duk abin da take jingina da shi, a dunƙule wuri ɗaya, a rufe. Wannan dunƙulen shi ne samfur, idan kuma aka tayar da shi yana aiki ya zama kwantena. Amfanin samfur shi ne ba ya canzawa: abin da aka gwada jiya a ofis shi ne zai tashi gobe a sabar kamfani, ba ragi ba ƙari.

To amma manhajar yanar gizo ba ta zama ita kaɗai. Shagon intanet yana buƙatar inda zai ajiye sunayen masu saye da lissafin kaya, shafin makaranta yana buƙatar inda zai ajiye sakamakon ɗalibai. Wurin ajiyar shi ne rumbun bayanai, irin su PostgreSQL da MySQL, kuma shi shiri ne dabam mai zaman kansa. Kafin manhaja ta yi magana da shi sai ta san abu biyar: inda yake, lambar ƙofar da yake sauraro, sunan rumbun, sunan mai shiga, da kalmar sirri. Waɗannan kuwa suna canzawa daga wuri zuwa wuri. Rumbun da ke kwamfutar mai rubutu dabam, na wurin gwaji dabam, na ainihi mai ɗauke da bayanan mutane dabam. Idan aka rufe su a cikin samfur, sai an gina samfur uku, kuma wanda aka gwada ba shi ne za a kai wa jama'a ba. Kenan an rushe dalilin da ya sa aka rungumi kwantenar tun farko.

Duk wanda ya ga tirela ta ɗauko kwantena daga tashar Apapa ta nufi Kano ya san inda mafita take. Ba a fasa hatimin kwantenar don a saka adireshi a ciki. Adireshin yana kan takardar da ke hannun direba, kuma idan mai kaya ya sauya shawara, takardar ake sauyawa.

Takardar direba a duniyar manhaja tsohon abu ne, ya girmi Docker da shekara 34. A 1979 Bell Labs ya fitar da fitowa ta bakwai ta tsarin Unix, kuma a cikinta ne bayanan muhalli suka samu siffar da suke da ita har yau. Duk shirin da aka tayar, tsarin yana miƙa masa wani jeri na sunaye, kowane suna da abin da ke gabansa: HOME yana faɗa masa babbar jakar fayilolin mai amfani, PATH yana faɗa masa inda zai nemi sauran shirye-shirye. Idan shirin ya haifi wani shirin, ɗan yana gadon jerin. Iyakar dabarar ke nan. Ƙarfinta kuwa shi ne babu harshen rubuta manhaja da bai san ta ba. Mai rubutu da C yana kiran getenv, mai Python yana duba os.environ, mai Java yana da System.getenv, mai Node kuma process.env. Ba sai an yi yarjejeniya kan wane irin fayil za a yi amfani da shi ko a ina za a ajiye shi ba.

Wanda ya mayar da wannan tsohuwar hanya ƙa'idar aiki shi ne Adam Wiggins, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Heroku. A 2011 ya fitar da ƙa'idoji 12 na gina manhajar da za ta zauna lafiya a sabar haya, waɗanda aka sani da The Twelve-Factor App. Ta uku ta ce duk abin da ke canzawa tsakanin wuri da wuri a fitar da shi daga rubutun manhaja a sa shi a muhalli. Ya kuma kawo ma'auni mai kaifi: shin za a iya buɗe rubutun manhajar ga duniya a wannan lokacin ba tare da wata kalmar sirri ta fita ba? Idan amsar a'a ce, aikin bai kammala ba.

Kamfanoni manya sun faɗi wannan jarrabawa, sun kuma biya da tsada. A 2016 masu kutse suka shiga ma'ajiyar rubutun Uber a GitHub, suka tarar da mabuɗan shiga sabobin Amazon a rubuce a ciki, suka kwashe bayanan mutum miliyan 57. Kamfanin ya biya su dala 100,000 ya yi gum, sai a Nuwamban 2017 maganar ta fito, kuma a 2018 ya amince ya biya jihohin Amurka dala miliyan 148. Toyota ma ta sanar a Oktoban 2022 cewa wani mabuɗi ya zauna a fili cikin rubutun manhajarta ta T-Connect a GitHub tun Disamban 2017, kusan shekara biyar, abin da ya shafi masu amfani kusan 296,000.

Heroku ne ya yaɗa al'adar cusa abubuwan nan biyar a layi ɗaya mai suna DATABASE_URL. Layin yakan zo kamar haka: postgres://shago:sirri@db:5432/kaya. Kalmar farko ta faɗi irin rumbun. Sai sunan mai shiga, shago, da kalmar sirrinsa bayan ɗigo biyu. Bayan alamar @ sai sunan injin da rumbun yake, db, da ƙofa ta 5432, wadda ita ce ta PostgreSQL bisa al'ada, kamar yadda 3306 take ta MySQL. Na ƙarshe shi ne sunan rumbun kansa. Wasu manhajojin sun fi son a rarraba: samfurin WordPress na hukuma yana karɓar WORDPRESS_DB_HOST, WORDPRESS_DB_USER, WORDPRESS_DB_PASSWORD da WORDPRESS_DB_NAME, kowanne a layinsa.

A cikin wannan layin, harafi biyun nan, db, su suka fi kayar da sababbin shiga. Mai koyo ya saba rubuta localhost, domin a kwamfutarsa manhaja da rumbu wuri ɗaya suke, kuma localhost na nufin injin da mai magana yake a kai. Sai ya sa manhaja a kwantena ɗaya, rumbu a wata, ya bar localhost yadda yake, ya tayar. Nan take allo ya cika da saƙon an ƙi haɗi. Ya duba rumbu, yana aiki ƙalau. Ya sake tayar da komai, saƙon na nan. Dalilin shi ne kowace kwantena tana da hanyar sadarwarta ta kanta, saboda haka manhajar da ta kira 127.0.0.1 kwantenarta take kira, can ciki kuwa babu mai sauraro a ƙofa ta 5432. A MySQL abin ya fi rikitarwa, domin yawancin shirye-shiryen da ke haɗawa da shi idan suka ga localhost ba sa bin hanyar sadarwa ma, wani fayil na musamman suke nema a cikin injin, sai saƙon kuskuren ya yi maganar fayil ɗin da mai koyo bai taɓa jin sunansa ba.

Maganin shi ne a kira rumbun da sunansa. A fayil ɗin Docker Compose, inda ake jera kwantenonin da za su yi aiki tare, kowace tana da suna, kuma Compose yana haɗa su a hanyar sadarwa ɗaya. Idan an sa wa ta rumbun suna db, Docker yana da ƙaramin mai fassara sunaye a adireshin 127.0.0.11 wanda zai gaya wa manhaja lambar da db take a wannan lokacin. Lambar na iya canzawa duk sa'ad da aka sake gina kwantena, sunan kuwa yana nan. Wanda ya tayar da kwantenoninsa da hannu ba tare da ya ƙirƙiri hanyar sadarwa tasa ba ba zai samu wannan fassarar ba, domin hanyar da Docker ke ɗora kwantena a kai da kansa ba ta warware sunaye. A shekarun farko akwai umarnin link, wanda yake zuba wa manhaja sunaye masu tsawo irin su DB_PORT_5432_TCP_ADDR. Har yanzu ana cin karo da su a tsofaffin darussa, amma Docker kansa ya daɗe da sa wannan hanya cikin kayan da.

Wasu idan haɗi ya ƙi, sai su buɗe ƙofar rumbun zuwa waje, su ga ko zai yi. Wannan gyara ne mai hatsari, kuma ba a buƙatarsa, tunda kwantenonin da ke hanya ɗaya suna jin juna ba tare da an buɗe komai ba. Docker yana rubuta dokokin shige da fice na Linux da kansa, kuma ƙofar da ya buɗe tana tsallake katangar ufw da mai sabar yake zaton tana kare shi. A watan Yunin 2021 haka ta faru da NewsBlur, manhajar karanta labarai ta Samuel Clay. Ya mayar da rumbunsa na MongoDB cikin kwantena, ƙofar ta buɗe ga intanet bai sani ba, rumbun kuma ba ya neman kalmar sirri domin an dogara da katanga. Cikin 'yan sa'o'i wani ya shiga ya share bayanan ya bar takardar neman fansa. Kwafin ajiya ne ya cece shi, kuma ya rubuta labarin dalla-dalla don wasu su kiyaye.

Ɓangaren rumbun ma da bayanan muhalli ake saita shi, kuma a nan akwai wani tarko da ke cikin takardun samfurin a rubuce amma ba kowa ke karantawa ba. Samfurin PostgreSQL na hukuma yana karɓar POSTGRES_USER, POSTGRES_PASSWORD da POSTGRES_DB, ya ƙirƙiri mai shiga da rumbu da su. Sai dai sau ɗaya yake yin haka, ranar farko, lokacin da ma'ajiyar bayanan take fayau. Bayan nan ko kallonsu ba ya yi. Mutum zai canza kalmar sirri a fayil ɗin Compose, a ɓangaren manhaja da na rumbu duka, ya tayar, ya ga an ƙi shi. Manhaja ta ɗauki sabuwa, rumbu yana riƙe da tsohuwa a ma'ajiyarsa. Shawarar da ta fi yawo ita ce a share ma'ajiyar a fara daga farko. A kwamfutar gwaji babu laifi. A sabar ainihi kuwa wannan umarnin zai tafi da bayanan mutane gaba ɗaya, alhali abin da ake buƙata kawai shi ne a shiga rumbun a canza kalmar da umarnin ALTER USER.

Akwai kuma tseren tashi. Manhaja kan tashi cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, rumbu kuwa, musamman ranar farko, yana ɗaukar lokaci kafin ya fara amsawa. Layin depends_on shi kaɗai yana tabbatar da an tayar da kwantenar rumbu ne kawai, bai ce ta shirya ba. Sai an haɗa da gwajin lafiya, wanda a PostgreSQL ake yi da pg_isready, a kuma ce wa Compose ya jira sakamakon. Mafi inganci ma shi ne manhajar kanta ta iya sake gwadawa idan an ƙi ta, domin rumbu na iya ɗaukewa da tsakar rana, ba da safe kaɗai ba.

Ƙananan abubuwa ma suna cin sa'o'i. Kalmar sirri mai ɗauke da alamar @ tana karya layin DATABASE_URL, domin mai karantawa zai iya ɗauka sunan injin ya fara daga nan, sai an rubuta ta %40. Alamar dala a fayil ɗin Compose sai an ninka ta biyu, in ba haka ba Compose zai ɗauka sunan wani bayani ne ya maye gurbinsa da wofi. Masu Java da ke amfani da sabar Tomcat suna da nasu: idan suka rubuta suna cikin baka a fayil ɗin context.xml, Tomcat a kan saitunan Java yake nemansa, ba a muhalli ba, sai an miƙa shi ta CATALINA_OPTS ko an kunna EnvironmentPropertySource. Spring Boot ya sauƙaƙa, yana ganin SPRING_DATASOURCE_URL ya san inda zai sa shi.

Idan haɗi ya yi, shafi ya buɗe, yawancin darussa a nan suke tsayawa. Bai kamata ba, domin an fitar da kalmar sirri daga rubutun manhaja, amma inda aka kai ta ba wurin ɓoyo ba ne. An ƙera bayanan muhalli ne don a karanta su cikin sauƙi. Duk mai ikon ba Docker umarni a injin, idan ya rubuta docker inspect da sunan kwantenar, zai ga kalmar sirrin a fili. A cikin kwantenar tana nan a fayil ɗin /proc/1/environ. Duk ƙaramin shirin da manhaja ta kira, ko da na rage girman hoto ne, yana gadonta. Shafin kuskure na wasu manhajoji, idan an manta an bar shi a yanayin gwaji, yana zazzage jerin gaba ɗaya ga duk wanda ya ziyarta.

Mafi muni shi ne a rubuta kalmar da umarnin ENV a cikin Dockerfile, fayil ɗin da ake gina samfur da shi. Wannan ya mayar da ita cikin dunƙulen, ta bi samfurin duk inda aka tura shi. Samfur hawa-hawa ake gina shi, kuma abin da aka share a hawa na sama yana nan kwance a na ƙasa. A 2023 masu bincike na jami'ar RWTH da ke Aachen a Jamus suka duba samfura sama da 337,000 daga Docker Hub da wasu ma'ajiyoyi, suka tarar kashi 8.5 cikin ɗari suna ɗauke da wani sirri, ciki har da mabuɗan sirri sama da 52,000.

Labarin Codecov ya haɗa kuskuren biyu a wuri ɗaya. Kamfani ne da ke auna yawan rubutun manhaja da gwaji ya taɓa, kuma a lokacin kamfanoni da yawa suna sauko da wani ƙaramin shirinsa su gudanar a injinan da suke gina manhajarsu. Wani kuskure a yadda Codecov yake gina samfurinsa na Docker ya ba masu kutse damar ciro mabuɗi daga ciki. Da mabuɗin suka sauya wancan ƙaramin shirin tun daga 31 ga Janairun 2021, suka ƙara masa layi ɗaya. Aikin layin shi ne ya kira umarnin env, wanda ke buga duk bayanan muhalli, ya aika da sakamakon zuwa sabarsu. Wata biyu ana haka, sai ranar 1 ga Afrilu wani abokin ciniki ya lura lambar tantance fayil ɗin ba ta dace da wadda aka wallafa ba. HashiCorp na cikin waɗanda abin ya shafa, har ya sauya mabuɗin da yake sa wa manhajojinsa hannu da shi. A ƙarshen shekarar, da ramin Log4Shell ya bayyana a Disamba, an ga masu kutse suna aika wa sabobin Java saƙon da ke sa su karanto bayanin muhalli, kamar mabuɗin Amazon, su tura waje.

Fayil ɗin .env, inda mutane ke jera waɗannan bayanai don kada su riƙa rubuta su kullum, shi ma ya zama abin farauta. Yana shiga GitHub idan ba a sa shi a .gitignore ba, yana shiga samfur idan ba a sa shi a .dockerignore ba, yana kuma zama a fili idan an ajiye shi a inda sabar ke miƙa wa baƙi fayiloli. A Agustan 2024 sashen bincike na Unit 42 na kamfanin Palo Alto Networks ya ba da rahoton wasu masu karɓar fansa da suka tattara irin waɗannan fayiloli daga adireshin yanar gizo kusan 110,000.

Wannan bai sa ƙa'idar Wiggins ta zama kuskure ba. Abin da ya nuna shi ne abubuwan nan biyar ba nauyinsu ɗaya ba. Adireshi, ƙofa da sunan rumbu su zauna a muhalli, nan ne wurinsu. Kalmar sirri ta cancanci a ware ta. A Janairun 2017 Docker 1.13 ya zo da tsarin ajiye sirri wanda ke miƙa shi a matsayin fayil a ƙarƙashin /run/secrets, samfuran PostgreSQL da MySQL da WordPress kuma suna karɓar sunaye masu ƙarewa da _FILE. A maimakon POSTGRES_PASSWORD sai a rubuta POSTGRES_PASSWORD_FILE, a ba shi hanyar fayil ɗin. Wanda ya kwashe muhalli yanzu hanya kawai ya samu. A Kubernetes, tsarin sarrafa kwantenoni masu yawa, akwai abin da ake kira Secret, amma a sani cewa rubutun base64 da yake ajiye sirri da shi kowa na iya warware shi cikin daƙiƙa, sai mai kula da tsarin ya kunna ɓoyewa ta gaskiya ya kuma taƙaita masu iya karantawa. Manyan kamfanoni sukan wuce nan, su sa shirin ajiye sirri mai suna Vault ya riƙa ƙirƙira wa manhaja mai shiga na wucin gadi wanda wa'adinsa ke ƙarewa da kansa.

Ko ƙaramin shago da ba shi da Vault yana iya yin abu ɗaya da ba ya cin ko kwabo. Mai shigan da POSTGRES_USER ke ƙirƙira yana da cikakken iko a kan rumbun, yana iya share komai. Miƙa wa manhaja shi ganganci ne. A ƙirƙira mata nata, mai ikon karatu da rubutu a teburanta kaɗai, ta hanyar ɗan fayil da ake ajiyewa a /docker-entrypoint-initdb.d, wanda samfurin ke gudanarwa ranar farko.

Ranar sauya kalmar sirri kuwa tana zuwa ko an so ko ba a so ba. A 4 ga Janairun 2023 kamfanin CircleCI ya gaya wa duk abokan cinikinsa su sauya kowane sirri da suka ajiye a wurinsa, bayan an yi masa kutse. A irin wannan rana ana bin tsari ne. Shiri yana karɓar muhallinsa sau ɗaya, lokacin tashi, saboda haka gyara fayil bai isa ba, kuma umarnin docker compose restart ba ya ɗaukar sabon bayani, sai docker compose up, wanda ke sake gina kwantenar. PostgreSQL kuma lokacin buɗe haɗi kaɗai yake tambayar kalmar sirri. Manhajar da ke riƙe da tsofaffin haɗe-haɗenta za ta ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru bayan an canza kalmar a rumbu, sai lokacin da ta nemi buɗe sabo, wataƙila da tsakar dare, sannan a ƙi ta. Shi ya sa masu kula da sabar da suka ƙware suke ƙirƙirar mai shiga na biyu da sabuwar kalma, su mayar da manhaja kansa, su duba teburin pg_stat_activity su tabbatar babu sauran haɗi da tsohon suna, sannan su rufe na farkon.